Kwikwiyon Great Dane ɗan wata huɗu da ƙafafunsa suka fara lanƙwashewa

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Kaduna ya ce ya sayi kwikwiyon Great Dane namiji don gadin gida, yanzu watansa huɗu. Wanda ya sayar masa ya ce ya riƙa ba shi ƙwayar kalsiyam kullum da ƙwai da madara, a bar shi ya ci iya cinsa, wai haka ne zai sa ya yi ƙato. Shinkafa da nama da ƙafar kaji ake dafa masa, wani lokacin a haɗa da abincin buhu. Yanzu ƙafafun gaba sun fara lanƙwashewa daga wuyan ƙafa, kuma ya ji ana cewa irin karnukan nan ba sa daɗewa. Yana so ya san me ke faruwa da abin da zai kiyaye, sannan yana tunanin nemo mace nan gaba ya riƙa sayar da 'ya'yan.

Amsa: Toh Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin mu je ko'ina, kwalbar kalsiyam ɗin nan ka ɗauke ta daga yau, kuma cikin satin nan ka kai shi wajen likitan dabbobi a ɗauki hoton ƙashin ƙafafun. Ni aikina kenan duba karnuka, kuma in dai manyan nan ne irin su Great Dane da Boerboel da Caucasian, abin da ya fi kawo mana su suna ƙanana daga kwanon abincinsu yake tasowa. Mai kare yana son ya ga ƙato da wuri, mai sayarwa yana son a ce jinin gidansa ya fi na kowa girma, sai a taru a yi ta ɗura wa kwikwiyo abinci da magani har ƙashinsa ya kasa ɗaukarsa.

Ka duba lissafin mana. Great Dane ana haihuwarsa bai fi rabin kilo da ɗan wani abu ba, kafin ya cika shekara ya haura kilo 50, wato ya ninka kansa kusan sau ɗari, alhali jaririn ɗan Adam a shekararsa ta farko sau uku kawai yake ninka nauyinsa. Asalinsa karen Jamus ne da ake farautar aladen daji da shi a da, namiji in ya gama girma daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 80 ne ko fiye, nauyi kuma daga kilo 55 har 80 ana samu. Duk tsayin nan daga ƙarshen dogayen ƙasusuwa yake fitowa, akwai wani guringuntsi mai taushi a wurin da yake ƙara tsawo sannan a hankali ya daskare ya zama ƙashi, kuma a wannan karen ba ya gama rufewa sai wajen wata 18 zuwa shekara biyu. In ka cika masa ciki nauyin jikin yana riga ƙashin yin ƙwari, kamar dai a ɗora bene kafin simintin ƙasa ya kama. Abin da mutane ba sa son ji in na faɗa shine iya girman da zai yi a jininsa yake tun daga uwa da uba, wanda aka ɗura wa abinci da wanda aka bi a hankali kusan tsayi ɗaya za su tsaya, sai dai ɗaya ya isa can da ƙafa lafiya ɗayan da ɗingishi.

Maganar kalsiyam kuwa an daɗe da gama ta, kuma da Great Dane ɗin ma aka yi gwajin. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wani likitan dabbobi mai suna Hazewinkel da abokan aikinsa sun raba kwikwiyoyi gida biyu, wasu aka ba su abinci mai kalsiyam kashi 1.1 cikin ɗari, wasu aka ninka musu sau uku zuwa 3.3, sakamakon ya fito a 1985. Waɗanda aka ƙara wa sune suka fito da lalacewar guringuntsin gaɓoɓi da lanƙwasar ƙafar gaba, kuma ko girman ma ba su fi sauran ba. Dalili shine karen da ya gama girma in kalsiyam ya yi yawa a abinci hanjinsa yana rage tsotsa sauran ya bi bayan gida, amma ɗan ƙasa da wata shida hanjinsa bai iya wannan ba tukuna, in ka ƙara zubawa ƙara shiga jini yake yi. A can Utrecht ɗin dai daga baya aka gwada furotin aka ga ba shi da laifi, don haka masu cewa a hana shi nama kar ya yi saurin girma suma sun kauce. Yawan abincin gaba ɗaya da yawan kalsiyam, su biyun nan ne.

Amma fa kar ka ji haka ka ce shikenan a koma shinkafa da nama zalla, wannan ma wata matsalar ce kuma ita ma muna ganinta sosai. Tsoka fosforas ne ya cika ta, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, in kwikwiyo ya zauna a kan shinkafa ko indomi da nama kawai jikinsa komawa yake yana zaro kalsiyam daga ƙashinsa, ƙashin ya yi laushi, sai ka ga ya diro daga kan dakali ya karye. Naka kuma an haɗa masa duka ne, ga ƙafar kaji mai ƙashi, ga ƙwaya, ga madara, ga abincin buhu da shi ma yake da nasa kalsiyam a ciki, ba wanda ya san nawa ke shiga cikinsa a rana, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Shi ya sa na fi son har ya kai shekara ɗaya da rabi a tsaya a kan abincin buhu na kamfani wanda aka rubuta a jiki cewa na 'yan kwikwiyon manyan karnuka ne, ka juya bayan buhun ka karanta, kalsiyam ya kasance tsakanin kashi 1 zuwa 1.5, kar ya wuce 1.8 wanda shine iyakar da aka sa wa irin su a Amurka, kuma ya ɗan ɗara fosforas kaɗan. In ka samu wannan kar ka ƙara komai a kai, ba ƙwaya, ba garin ƙashi, ba maganin bitamin na yara. Canjin ka yi shi cikin kwana bakwai kana cuɗawa da tsohon don kar ya yi zawo. Na san kuɗin buhun nan yanzu ba wasa ba, in dole dafawa za a yi toh likita ya zauna ya rubuta maka awo, nama kaza, shinkafa kaza, kalsiyam giram kaza gwargwadon nauyinsa, a riƙa sabuntawa yana girma. Garin ɓawon ƙwai ƙaramin cokali ɗaya tak ya kai wajen giram 2 na kalsiyam, kaga ba abin barbaɗawa da ka ba ne. Madara bayan yaye ba ya buƙatarta, yawancinsu ma zawo take sa su. Dafaffen ƙwai jefi-jefi ba laifi.

Lanƙwasar da kake gani tana iya zama ɗaya cikin abubuwa uku, hoton ne zai raba gardama. Akwai mai sauƙi, wuyan ƙafar ya riƙa turowa gaba in ya tsaya, ba zafi ba kumburi yana wasansa, wannan jijiyoyi ne ba su tafi tare da ƙashi ba, da an gyara abinci an sauke shi daga kan tayil yawanci cikin sati biyu zuwa huɗu yake miƙewa. Akwai wadda wurin yake kumbura, in ka taɓa ka ji ɗumi, in ka matsa ya yi ƙara, ga zazzaɓi ya ƙi abinci ya ƙi tashi, wannan kumburin bakin ƙashi ne da ke zuwa wa manyan kwikwiyoyi tsakanin wata biyu zuwa takwas, ba a kwana da ita. Sai wadda na fi tsoro, ƙafar gaba ƙashi biyu ne a jere, in ɗaya ya daina tsawo ɗayan ya ci gaba sai ƙafar ta yi baka tafin ya juya waje, in aka bari ya gama girma a haka sai tiyata. Dan Allah kar ka bari wani ya ɗaure masa ƙafar da kara irin na ɗori, ɗaurin ƙara kashe jijiyar yake yi.

Yadda zaka gane ko abincin ya yi yawa, ka shafa tafin hannunka a gefen ƙirjinsa, ya kamata ka ji haƙarƙari ba sai ka danna ba, in ka tsaya a kansa ka leƙo ka ga ƙugun ya ɗan shiga ciki. Kwikwiyon Great Dane mai lafiya siriri ne, duk ƙafafu, baƙi za su zo su ce ba a ba shi abinci, ka ƙyale su. Kamfanin Purina ya taɓa bin karnukan Labrador 48 tun suna ƙanana har mutuwarsu, rabi aka rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abincin da 'yan'uwansu ke ci, waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa da kusan shekara biyu kuma ciwon gaɓoɓi bai kama su da wuri ba. Yanzu ka ba shi sau uku zuwa huɗu a rana da awo, abin da ya rage bayan minti 15 a ɗauke. Ya yi wasansa a kan ƙasa ko yashi ko ciyawa iya son ransa, amma ban da jan shi gudu a bayan babur ko keke, ban da hawa da saukar bene kullum, ban da tsalle daga bayan mota, sai ya wuce shekara ɗaya da rabi. Sakin kwatangwalo da ke sa su jan ƙafar baya gado ne, amma ƙiba da santsin tayil su ke fito da shi fili.

Batun ba sa daɗewa kuwa gaskiya aka faɗa maka, ba zan ɓoye ba. Shekara 7 zuwa 10 ne, wanda ya kai 10 ya yi tsawon rai, a shekara shida ya fara zama tsoho alhali ƙananan karnuka suna kai 14 ko 15. Wani Great Dane mai suna Zeus na jihar Mishigan a Amurka, wanda kundin Guinness ya rubuta a matsayin karen da ya fi kowane tsayi, santimita 111.8, shekara biyar ya yi ya mutu a 2014. Wani Zeus ɗin na Texas da ya riƙe kambun daga baya, kansar ƙashi ta kama shi aka yanke ƙafar, ya mutu a 2023 yana da shekara uku kacal. Kaga ƙarin girman da mai sayarwa ke yi maka talla ba abin nema ba ne.

Abin da ya fi kashe su tashi ɗaya, kuma wanda nake so kowa a gidanku ya sani har mai gadi da yaran da ke zuba masa abinci, shine murɗewar tumbi. Ƙirjin Great Dane zurfi gare shi ga ƙunci, tumbin yana reto a ciki, in ya cika da abinci da iska sai ya juya a kan kansa, mashiga ta toshe mafita ta toshe, ba gyatsa ba amai ba wucewa hanji. Iska ta ci gaba da taruwa, tumbin ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, sau da yawa ya ja saifa ta bi shi, naman tumbin ya fara mutuwa don jini ya yanke masa. Tsakanin lafiya lau da mutuwa 'yan awanni ne. Binciken da Larry Glickman ya jagoranta a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ya fito a 2000, ya bi karnuka kusan 2,000 daga manyan jinsi 11, Great Dane ne a kan gaba, wajen huɗu cikin kowane goma abin yana samunsu a rayuwarsu.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce kakarin amai amma ba abin da ke fitowa sai farin kumfa ko yawu mai yauƙi. Zai kasa zama ya kasa kwanciya, ya yi ta zagaye yana waiwayen cikinsa, ya tsaya da ƙafafu a ware kai a ƙasa yawu na dalala. Cikin yana kumbura ta bayan haƙarƙari, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ya yi tauri yana amsa ƙarar iska, amma a Great Dane wani lokacin tumbin ɓuya yake a ƙarƙashin haƙarƙarin ba zaka ga kumburin sosai ba, kar ka tsaya jiransa. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, na mai lafiya ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya yi fari ka saki kafin daƙiƙa biyu jinin ya dawo. Ka saba duba wannan tun yanzu don ka san kalarsa ta lafiya. In ka ga ya yi fari fat ko toka-toka, lokaci ya ƙure sosai.

Abin da ke ba ni takaici, a wajenmu da an ga kare yana kumfa yana kakari sai a ce guba aka sa masa. An taɓa kawo min wata karya Great Dane da safe a bayan a-kori-kura, tun bayan isha'i ta fara, mutanen gidan suka kwana suna ɗura mata manja da madara da garin gawayi, har an fara zargin maƙwabci. Manjan duk ya dawo ya bushe mata a wuya da ƙirji don ba inda zai wuce, da muka buɗe cikin babban ɓangaren tumbin ya riga ya yi baƙi, ba abin da za a ɗinke. Da a daren aka kawo ta da wataƙila wani labarin ake, don waɗanda aka yi wa tiyata da wuri wajen takwas cikin goma suna tashi. Wannan ba shi da maganin gida, ba ƙwaya, ba jiran gari ya waye. A asibiti ƙarin ruwa ake fara sawa ta jijiya, a sace iskar da tiyo ta baki ko da allura mai kauri ta gefen ciki, sannan a buɗe a warware tumbin a ɗinke shi jikin bangon ciki na dama don kar ya sake juyawa. Waɗanda ba a yi wa ɗinkin ba fiye da rabi abin yana dawo musu, waɗanda aka yi wa kuwa bai kai biyar cikin ɗari ba.

Don haka tun yanzu da yake lafiya ka nemo likitan da ya iya wannan tiyatar kuma yake ɗaga waya da dare, ka ajiye lambarsa, ba kowane shagon maganin dabbobi ba ne asibiti. Daga Kaduna asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya bai yi maka nisa ba, wajen kilomita 80 ne, akwai irinsa a Sakkwato da Maiduguri. Ka kuma yi tunanin yadda za a ɗauki kare mai kilo 65 da ya kasa tsayawa, sai bargo mai ƙwari da mutum biyu ko uku da mota. Ana iya yin ɗinkin nan tun kafin abin ya faru, ni a ganina in ka samu ƙwararren da zai yi Great Dane ya cancanta, balle in uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin murɗewar tumbin, don binciken ya nuna yana bin jini, ka tambayi mai sayarwar ko zai faɗa maka gaskiya. Ɗinkin ba ya hana ciki kumbura da iska, juyawar yake hanawa, ita ce mai kisan.

Kuma har ya tsufa kar ka mayar da shi ci ɗaya a rana. Al'adar nan ta a bar kare da yunwa wuni guda wai don ya yi zafi da dare sannan a tula masa roba guda ya haɗiye cikin minti biyu, a Great Dane neman magana ce. Sau biyu ko uku ƙanana. In mai haɗama ne ka baza abincin a faffaɗan tire ko ka sa babban dutsen da ba zai iya haɗiyewa ba a tsakiyar kwanon ya riƙa zagaye shi. A da ana cewa a ɗora musu kwano a kan kujera saboda tsayinsu, binciken Purdue ɗin ya ga ƙara haɗarin ma yake yi, toh a ƙasa. A bar shi ya huta kamar awa ɗaya kafin ci da bayan ci, kuma in ya dawo daga guje-guje kar a bari ya shanye bokiti a tashi ɗaya.

Bayan tumbi sai zuciya. Akwai ciwon da naman zuciyar yake saki, ta buɗe ta yi girma amma bugun ba ƙarfi, ya fi kama maza daga shekara uku zuwa sama, shi ma yana bin jini kuma yana daɗewa a ɓoye. Zaka ga ya fara gajiya da wuri, tari da dare, numfashi sama-sama, ciki ya tara ruwa, ko ya yanke jiki ya faɗi ya tashi, wani kuma sai dai a wayi gari a tarar da shi. Abin da zaka iya yi a gida kyauta, in yana barci ka ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya, ƙasa da 30 ne daidai, in ya riƙa wuce haka ka kai shi. Daga shekara biyu ko uku a riƙa sauraron zuciyar duk shekara, in da hali a yi mata hoto. Ba ya warkewa, amma magunguna irin su Vetmedin da Lasix suna ƙara masa lokaci da sauƙi.

Kansar ƙashi ta fi zuwa in sun manyanta, ɗingishin da ya ƙi tafiya da kumburi mai tauri a wuyan ƙafar gaba ko kafaɗa ko kusa da gwiwar baya, mutane su ɗauka targaɗe ne su yi ta shafa man zafi. Duk ɗingishin da ya wuce sati a babban kare hoto yake so. Akwai kuma matsewar laka a ƙashin wuya da ke kama matasan Great Dane kafin shekara uku, ka ga yana tangaɗi da ƙafar baya yana jan farce a ƙasa. Saboda wuyan nan nasu ban son sarƙar wuya da ake fizga ko a ɗaure shi da ita wuni guda, ka nemi ɗamarar ƙirji.

Sai abubuwan da suke na ƙasarmu. Karen ƙasar sanyi ne, mu kuma daga Maris zuwa Mayu a Kano da Sakkwato da Maiduguri digiri 40 ba labari ba ne, Kaduna ma tana ɗanɗanawa. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma babban jiki ya fi wuyar hucewa. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 da 'yan kai ne, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. Kejin ƙarfe mai rufin kwano a tsakar gida da rana tsaka wallahi azaba ce. A ba shi inuwa ta gaske inda iska ke ratsawa, ruwa a babbar robar da ba zai kifar ba, fita kuma da asuba ko bayan magariba. In ka ga haki ba tsayawa, harshe ja wur, yana tangaɗi ko amai, ka fara kwara masa ruwan famfo ko na randa a jiki musamman ciki da cinyoyi ka kunna fanka, kar ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul don riƙe zafin yake, sannan a sa shi a mota. Da hunturu kuma gashinsa gajere ne yana jin sanyi. Kuma kar ya riƙa kwana a kan siminti tsirara, nauyinsa yana sa gwiwar hannu ta yi kanta ko ta tara ruwa ta yi ƙullutu, tsohuwar katifa ta wadatar, in ƙullutun ya fito kar a huda.

Kaska ita ce ɗayar. Tana ɓuya a tsagar bango da keji, tana kawo cutar da ke fasa jini, dasashi ya yi fari ko ɗorawa fitsari ya koma kalar shayi, da wata mai sa haɓo da rama, gwajin jini ne ke bambance su kuma maganinsu ba ɗaya ba. Berenil da aka saba yi wa shanu, a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, in an wuce awo ko an maimaita kusa-kusa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, don haka ba a kintacen nauyi da ido, a ɗora shi a sikeli. Wanka da Sniper ko fiya-fiya don kashe kaska ya kashe karnuka da yawa, kar ma ka fara. Akwai ƙwayoyin taunawa, NexGard na wata-wata wanda babbansa iyakarsa kilo 50 ne, da Bravecto na sati 12 mai kaiwa kilo 56, in ya wuce nan sai likita ya haɗa maka biyu, yanzu da nauyinsa ke canjawa kullum na wata-watan ya fi. Kar ka ba shi ibufurofen ko dikulofenak daga kemis don ciwon ƙafar nan, gyambon ciki suke yi masa su taɓa ƙoda. Ragowar miya da dafa-duka mai albasa da tafarnuwa, inabi, cakulan, dafaffen ƙashi, duk a kawar.

Ka duba katin rigakafinsa yau. Allurar farbo, wato cutar amai da zawon jini, da sauran cututtukan ƙuruciya daga sati shida zuwa takwas ake farawa, a maimaita duk sati uku zuwa huɗu, ta ƙarshe kar ta zo kafin sati 16, wato daidai inda yake yanzu, in babu kati ko ba ka yarda da shi ba a sake. Ta haukan kare daga wata uku, a riƙa sabuntawa, wannan kam don yaran gidan ne ma. A wajen wanda ka tabbatar yana ajiye allurar a firji mai wuta zaka yi, wadda ta sha zafi ruwa ce kawai. Maganin tsutsar ciki wata-wata har wata shida, sannan duk wata uku.

Gadi kuwa, girmansa da muryarsa sune gadin, halinsa na son mutane ne, in aka kulle shi shi kaɗai wuni da kwana lalacewa yake. Ka koya masa zama da tafiya a gefenka tun yanzu da kake iya ɗaga shi, nan da wata takwas shi zai riƙa janka. In ya girma giram 700 zuwa 900 na abincin buhu yake ci a rana, buhu mai kilo 15 da ƙyar ya kai sati uku, magani da allurar barci duk da kilo ake auna su, ka sa wannan a lissafi.

Maganar nemo mace ka dakata sai ya cika shekara biyu, a ɗauki hoton kwatangwalo a duba zuciya, ita ma macen haka, in ɗayansu yana da matsala ko danginsa na kusa sun yi murɗewar tumbi ko ciwon zuciya a haƙura da haɗa su. Masu saye sun fi son farare masu dabbare-dabbaren baƙi, shi ya sa wasu ke haɗa irin kalar biyu, a cikin 'ya'yan sai a samu farare fat kurame ko masu matsalar ido, wasu ma tun a ciki suke mutuwa. In naka mai dabbaren ne toh baƙa ko baƙa mai farin ƙirji da wuya zaka nema masa.